Badamasi da Maguna Masu Yankakken Kunne

Shekarar ce ta shige mini. Wani lokaci in ce dubu biyu da sha biyu, wani lokaci in ce da sha uku. Abin da na tabbata shi ne Babbar Sallah ta zo ne zafi ya fara sauƙi, kuma ina zaune a Hayyus Sabi', a Alƙahira, inda na je ƙarasa wani karatu da ya kamata a ce na ƙarasa shi tun gashin kaina yana baƙi. Ɗakina yana hawa na biyu. A samana kuwa akwai ɗalibai biyu: Maman, mutumin Damagaram, mai sanyin hali, da Badamasi ɗan Maigatari, wanda Allah bai ba shi sanyin komai ba.

Badamasi fiƙihu yake karantawa, amma babu sana'ar da bai taɓa yi ba a bakinsa. In famfo ya lalace, shi ya taɓa haƙa rijiya. In mota ta mutu a layinmu, shi ya taɓa sauke injin tirela shi kaɗai. Na taɓa yin tari a gabansa, ya ce da a gida ne da ya warkar da ni kafin la'asar. Yaro ne mai kirki, sai dai bakinsa kullum yana gaba, hankalinsa na biye a baya yana haki.

A shekarun nan gari ya ɗan rikice, shara ta taru a bakin tituna, maguna suka samu duniya. A gidanmu kuwa abin ya wuce misali. Mage a matakala, mage a ƙarƙashin mota, mage a kan akwatin mitar wuta. Mai gidan, Hajji Mitwalli, wanda ke zaune a hawan ƙasa da matarsa Ummu Ashraf, ya fito wata safiya zai tafi masallaci, ya zura ƙafa a takalmi, takalmin ya yi kuka. Ɗan mage ne a ciki. Hajji ya yi tsalle ya daki ƙofa da goshi. A nan take ya ɗaga murya duk benen ya ji:

“Khalas, ya isa! Juma'ar da ke bayan Sallah zan zuba guba a kifi. Kowa ya huta!”

Mutum ɗaya wannan magana ta hana sukuni: Khala Mahasin. Bahausar Sudan ce, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, tana zaune a hawa na ƙarshe. Ita ke ciyar da magunan layin, kowace ta san ta da suna. Tana cikin wasu mata 'yan sa kai da ke kama magunan titi su kai wa wata likitar dabbobi ta unguwar Zamalek, Daktura Nirmin, ta yi musu aikin hana haihuwa kyauta, ta yi musu allura, in sun warke a mayar da su inda aka ɗauko su. Tun bara ta kai wasu an yi musu. Waɗanda suka rage su ne masu wayo, waɗanda ba sa yarda da hannun mutum, kuma su ke ta zuba 'ya'ya. Shugabansu wani jan muzuru ne mai kai kamar tulu, yaran layi suna kiransa Basha.

Khala Mahasin ta sauko da ciwon gwiwarta ta roƙi Hajji. Ta ce likita za ta zo da motarta ranar Alhamis ta kwashe su gaba ɗaya. Hajji ya shafa ƙullutun goshinsa ya ce, “Alhamis. In likitarki ta koma ba su a motarta, Juma'a tawa ce.”

A ɗakina aka yi taro, don ni ne tsoho, kuma ni ke da kujeru. Khala ta zo da wasu kejuna na waya masu ƙofar da ke rufe kanta. Ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce duk magen da aka riga aka yi wa aiki, likita na ɗan datse mata kan kunnen hagu, alama ce don kada a sake wahalar da ita. Masu cikakken kunne ake nema. Ni na ji, Maman ma ya ji da kunne ɗaya. Ɗaya kunnen nasa Badamasi ya riƙe shi da labarin yadda kakansa ya kama kura da rawani.

Da ya gama kashe kurar sai ya waiwayo. “Khala, wannan akurkin na mene ne?”

“Tarko ne, ya zol, bawan Allah. Ana sa kifi a ciki, a jira.”

“A jira!” Ya yi dariya har hularsa ta karkace. “Ni jikan Sarkin Baka ne. Mu ba ma jiran dabba, dabba ke jiranmu. Ki adana akurkinki. Kafin ku gama cin naman Sallah na tara miki su.”

“Ɗana, mage ba kura ba ce. Ta fi kura wayo.”

“A Misira ke nan. Ba ta taɓa gamuwa da Bahaushe ba.”

“Ni mece ce?” in ji Khala.

“Bahaushen Maigatari nake nufi.”

Maman ya ce, “Bon. Allah ya sa mu ga alheri.”

Washegarin Sallah Badamasi ya fara. Mutanen Alƙahira suna da wata al'ada: mai zama a sama ba ya saukowa sayen ƙananan kaya, sai ya ɗaura kwando a igiya ya zuro daga baranda, mai kanti ya sa masa abin da yake so ya ja. Badamasi ya ce Misirawa sun shekara da shekaru suna riƙe da makamin farauta ba su sani ba. Zai sa nama a kwando ya zura, mage ta shiga, ya ja ta sama. Shi ke nan.

Abin da bai lissafa ba shi ne jiya aka yi layya. Mahauta sun yi fiɗa a kowane lungu, magunan Hayyus Sabi' sun ci har sun gaji da ci. Magen da kullum ke bin mutum saboda ƙashin kifi, ran nan ko hanta ka miƙa mata sai ta dube ka ta yi hamma. Basha yana kwance a kan motar Hajji, ciki a sama, kamar attajirin da ya gama walima.

Badamasi ya zura ɗanyen nama, ba wadda ta motsa. Ya ce, “Sun ƙoshi da naman Larabawa ne. Bari su ji na gida.” Ya shiga ɗaki ya ɗauko kilishin da mahaifiyar Maman ta aiko masa daga Damagaram, wanda Maman ke gutsura kaɗan-kaɗan kamar magani. Ya zuba shi duka a kwando ya zura.

Ƙamshi ya cika layi. Wanda ya fara amsa kira shi ne Ammu Sa'id, mai kantin da ke ƙasanmu. Ya fito, ya ga kwando, ya leƙa, ya sunsuna, ya gutsura. Idonsa ya kawo ruwa saboda yaji, ya sake gutsura. Sai ya kwashe kilishin gaba ɗaya, ya sa ƙwai da kwalin shayi a kwandon, ya ɗaga kai yana murmushi.

“Allah ya maimaita mana, ya Sheikh! Wallahi ku mutanen Nijeriya akwai karamci!”

“Ba naka ba ne! Na maguna ne!”

“Amin, amin! Kai ma haka!”

Maman ya fito baranda daidai lokacin da Ammu Sa'id ke raba wa maƙwabta. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce a hankali, “Badamasi, wancan da mai wankin mota ke taunawa, ba kilishina ba ne?”

“Sadaka ce ta Sallah. Ka samu lada ba ka sani ba.”

“Ni ladan nake so in zaɓa da kaina.”

Da yamma dai wata 'yar farar mage ta shiga kwandon, ba don nama ba, don ta samu wurin kwanciya. Badamasi ya yi kabbara ya fara ja. Ina zaune bakin tagata ina shan shayi, sai ga kwando ya taso a gabana da mage a ciki, muka haɗa ido. Ta dubi sama ta ga Badamasi, ta dube ni, ta zaɓe ni. Ta bi ta kafaɗata, ta bi ta kofin shayi, ta bi ta kan littattafai, ta fice ta ƙofa. Daga sama na ji yana cewa, “Malam, riƙe ta!” Ni kuwa tabarauna nake nema.

Kashegari ya sauya dabara. Ya ce kuskurensa shi ne kama su ɗaya-ɗaya kamar mai jin tsoro. Maharbin gaske garke yake rufewa. Ya kwance gidan sauron da ya zo da shi daga gida, ya ɗaura duwatsu a kusurwoyinsa, ya tsaya a baranda yana jiran maguna su taru a inuwar gidan. Suka taru kuwa. Ya auna, ya karanta abin da ya karanta, ya saki.

Magunan suka ɗaga kai, suka matsa gefe ba gaggawa. A daidai nan mai kawo gurasa ya shawo kwana a kan kekensa, da dogon faifan katako a ka, gurasa jere a kai har ta fi shi tsawo. Gidan sauro ya sauka a kansa cif, kamar an auna shi. Ya ci gaba da tuƙi cikin farin mayafi yana salati, ya wuce kantin Ammu Sa'id, ya wuce mai gyaran taya, ya je ya rungumi motar Hajji. Gurasa ta tashi sama kamar tattabaru.

Layi ya cika. Misirawa ba sa barin gurasa a ƙasa, don haka kowa ya duƙa yana tsinta yana hurewa, yana kuma ɗaga kai yana zagin hawa na uku. Mai gurasar ya fito daga cikin ragar, ya nuna sama da hannu biyu.

“Wane ne? Wane ne mai kamun kifi a kan titi?”

Badamasi ya leƙo. “Ma'alish, a yi haƙuri, iska ce!”

“Iska ce ta ɗaura duwatsu?”

Wata tsohuwa daga benen da ke kallonmu ta ce, “Ku bar shi, ɗalibin ilimi ne. Jiya ya ciyar da mu, yau ya yi wa Abduh mai gurasa lulluɓin amarya. Gobe sai ɗaurin aure!”

Gurasar da ta sha ƙasa mu muka gaje ta. Muka yi kwanaki muna cin ta safe da rana, har Maman ya ce in ya sake ganin gurasa zai koma Damagaram a ƙafa.

Sai Khala Mahasin ta karɓi aikin. Ta jira naman Sallah ya ƙare a layi, ta bi gida-gida ta roƙi mata kada kowa ya zubar da abinci a waje. Da yunwa ta dawo wa magunan da hankalinsu, ita da ƙawayenta suka ɗana kejunan nan da kifin gwangwani, suka zauna nesa suna hira. Keji ya rufe, su yafa masa tsohon zane don magen ta natsu, su ɗauke. Zuwa yammacin Laraba duk masu cikakken kunne sun shiga hannu, har Basha, wanda sai da ya zagaya kejin kamar mai duba gidan haya kafin ya shiga.

Aka jera su a ɗakin mai gadi da ke ƙarƙashin matakala, don mai gadin ya tafi ƙauye yin Sallah. Saura aiki ɗaya: ranar Alhamis da safe Khala za ta je Zamalek ta taho da likita, ana bukatar mai riƙe mabuɗi. Maman yana da darasi. Ni kuwa kowa ya san in aka ba ni mabuɗi, sai an nemo mai neman mabuɗin. Badamasi ya dafa ƙirji.

“Khala, ki ba ni dama in wanke sunana.”

Ta ɗaga masa yatsa. “Ba za ka ba su abinci ba. Likita ba ta yin aiki sai cikinsu ba komai.”

“Ko ruwan ido ba zan ba su ba.”

“Zama kawai za ka yi, ya zol. Ka zauna a bakin ƙofa. Ka iya zama?”

“Khala, ni da na taɓa kwana uku a kan bishiya ina dakon ɓauna?”

Ta ba shi mabuɗin tana ambaton Allah.

Da hantsi na leƙa ta taga, sai na ga abin da ya faranta mini rai. Badamasi ne ke tafiya a layi da gwangwanin kifi a hannu yana “mus, mus, mus”, maguna na biye da shi a jere, wasu har suna shafa ƙafarsa. Ya duƙa ya ɗauki biyu a hammata ya shige gida, ya fito ya sake ɗaukar biyu. Na ce a raina, Allah mai iko, yaron nan ya fara sanin tausayi. Na koma kan karatuna.

Kafin azahar motar likita ta iso. Hajji Mitwalli ya sa kujera a bakin ƙofa, da carbi a hannu, ya zo ganin ƙarshen magana. Maƙwabta suka fito baranda, don tun ranar gurasa ba wanda ke son a ba shi labarin gidanmu. Maman ya dawo daga darasi. Badamasi kuwa ya sha babbar rigarsa ta Sallah, ya kafa hula, ya fito da kejunan ya jera su a rufe da zannuwansu.

Daktura Nirmin mace ce 'yar siririya mai fara'a. Ta gaishe mu, ta sa safar hannu, ta ɗaga zanen farko. Wata baƙar mage ta yi mata miƙa. Likita ta dubi kunnenta.

“Wannan ai na yi mata bara.”

Ta ɗaga na biyu. “Wannan ma.” Na uku. Na huɗu. Ta bi layin kejunan tana ɗagawa, kowace mage da datsattsen kunnen hagu, kowace tana lasar baki tana ƙamshin kifi. Khala Mahasin ta juyo wurin Badamasi.

“Badamasi. Ina waɗanda na bar maka?”

Ya gyara wuyan riga. Daga ganin fuskarsa tambayar yake jira tun safe.

“Khala, ban so in faɗa a gaban jama'a ba, amma tunda kin tambaya. Na zauna kamar yadda kika ce. Da zaman ya yi tsawo na ce bari in duba aikin. Ina ɗaga zane sai na ga ɓarna. Duk lafiyayyu kuka kama! Kunnuwa cikakku, ƙirji faffaɗa, musamman jan nan. Ku mata ba ku san kiwo ba. A Maigatari, bunsuru mai aibi ake dandaƙewa, a bar mai kyau ya yi iri. Kuma ko a fiƙihu, babin layya, yankakken kunne aibi ne, Malam yana nan ya shaida. To ga masu aibin suna yawo a layi ba wanda ya kula su. Shi ne na tace muku. Na tattaro masu aibi, na sallami nagari.”

Na ce, “Ɗana, aibin kunne sai ya wuce sulusi. Kuma ban ji wanda ya ce zai yi layya da mage ba.”

“Ƙiyasi ne, Malam.”

Khala ta ce, “Likita ce ta yanke kunnen! Alama ce an gama da su! Ban faɗa a gabanka ba?”

Badamasi ya dubi Maman. Maman ya ce, “Ta faɗa. Lokacin kakanka yana naɗe kura.”

Dariya ta ɓarke daga baranda zuwa baranda. Amma Khala ba ta yi dariya ba. Magen da ta taɓa shiga tarko ba ta sake shiga da wuri, kuma gobe Juma'a. Hajji Mitwalli ya miƙe a hankali, ya sa carbi a aljihu.

“Na cika alkawarina, ya Hajja. Motar likita za ta koma ba su. Khalas.”

“Ta ina ka sake su?” Khala ta tambayi Badamasi. “Ko za mu same su kusa.”

“Ban bi da su ta titi ba, kada su sake faɗawa tarkonku. Ta 'yar ƙofar bayan ɗakin na fitar da su. Har addu'a na yi wa jan, Allah ya albarkaci zuriya.”

Hajji ya tsaya cak. “Ƙofar baya? Ta manwar?”

Manwar wani fili ne ɗan ƙarami a tsakiyar gini, kamar rijiya, bango ta ko'ina, an bar shi don iska da haske. Ba shi da mafita. Abin da ke buɗe a cikinsa a hawan ƙasa taga ɗaya ce, tagar kicin ɗin Ummu Ashraf. Ran nan kuwa iyayen yarinyar da ɗansu Ashraf ke nema za su zo cin abincin rana, kuma tun asuba take girki.

Ba mu gama wannan lissafi ba muka ji ihu daga ciki.

“Ya lahwi! Ya lahwiii!”

Sai ƙarar ƙofa, garam. Ummu Ashraf ta fito da ludayi a hannu, ɗankwali a karkace. Ta ce wanka kawai ta shiga ta sa kaya. Ta dawo ta buɗe kicin ta tarar da baƙi sun riga baƙi. Wata na cikin tiren shinkafa da nama, biyu na jan agwagwa ɗaya, jan muzurun kuwa yana zaune a tsakiyar faranti kamar shi ne uban ango. Tagar ta faɗo ta rufe da gudunsu, ita kuma ta ja ƙofa ta murɗa mabuɗi.

“Duka suna ciki?” in ji likita.

“Har da waɗanda ban taɓa gani ba!”

Muka ɗunguma zuwa ƙofar kicin. Daga ciki ana jin murfin tukunya na birgima, ana jin taunar ƙashi. Hajji ya yi ja kamar gauta.

“Guba! Ba sai gobe ba! Yanzu zan aika a sayo!”

Matarsa ta juyo da ludayi. “A kicin ɗina? Inda nake dafa maka abinci? Zuba mana, ya Hajji, mu ga wanda zai fara ci.”

Khala Mahasin kuwa sai na ga ta matso gaba. Ta shekara da shekaru a Misira, ta san inda ake kama mutanenta. A wurinsu, duk wanda ya ci gurasa da gishirin gidanka ya zama naka, cutar da shi babban abin kunya ne. Ta ɗaga murya yadda na bakin ƙofa za su ji:

“Ya Hajji, a gidanka suka ci, girkin matarka, a farantinka. Yanzu kuma ka ba su guba? Me Hayyus Sabi' za ta ce?”

“Maguna ne, ya Hajja!”

Ammu Sa'id ya ce daga baya, “Ci dai sun ci, ya Hajji. Mu shaida ne.”

“Har agwagwa!” in ji tsohuwar benen can, wadda ban san lokacin da ta sauko ba. “Ni da nake maƙwabciyarku ban taɓa cin agwagwar gidan nan ba.”

Mutane suka kwashe da dariya, har Ummu Ashraf ta rufe baki da gefen ɗankwali. Hajji ya dubi wannan, ya dubi wancan, bai ga fuskar da za ta taya shi ba. Ya zauna a kan buhun shinkafa.

Likita ta share hawayen dariya ta ce yau dai ba aiki, cikinsu ya cika. Amma in aka mayar da su keji suka wuni suka kwana ba ci, gobe da safe za ta dawo ta kwashe su, ko da Juma'a ce.

“To wa zai shiga ya kamo su?” in ji Hajji.

Kai kawai aka juya. Badamasi ya fara ja da baya yana cewa lokacin azahar ya yi, sai ya ji ludayi a tsakiyar bayansa.

“Kai ne maharbin? Yalla.”

Aka buɗe ƙofa kaɗan, aka tura jikan Sarkin Baka, aka rufe. Abin da ya faru a ciki ban gani ba, ji na yi. Na ji salati. Na ji tire ya faɗi. Na ji yana cewa, “Haba Basha, ni ne fa na sake ka!” Na ji ya kira sunan mahaifiyarsa. Da Khala ta ga ya isa haka, ita da likita suka shiga da tawul, suka riƙa ɗaukar magunan ɗaya bayan ɗaya, don ƙoshi ya kashe musu jiki. Basha ne na ƙarshe. A kan Badamasi aka ɓamɓaro shi, ya rungume hula da ƙafa huɗu.

Badamasi ya fito babbar riga ta koma igiyoyi, shinkafa a gemu, kunnensa na hagu na ɗigar jini. Likita ta zaunar da shi tana shafa masa magani. Maman ya sunkuya ya duba kunnen da kyau.

“Malam, zo ka gani. Wannan ya kai sulusi?”

Baƙin Ummu Ashraf sun iso ana cikin shara. Kifi aka sayo musu daga kasuwa, kuma an ce uban yarinyar ya yi dariya har ya ƙware. Hajji ya hana a sake amfani da ɗakin mai gadi, don haka aka hau da kejunan ɗakin Badamasi, Maman ya kwaso katifarsa ya dawo wurina. Mabuɗi kuwa Khala ta rataya shi a wuyanta.

Ranar Juma'a da safe motar likita ta tafi cike. Bayan 'yan kwanaki aka dawo da su, kowanne da datsattsen kunne, aka sake su a layi. Ba a sayi guba ba. Daga baya ma na sha ganin Ummu Ashraf tana miƙa ƙashin kaza ta tagar nan, tana zagin Basha yana ci.

Ran da aka dawo da su, da la'asar, Badamasi ya sauko ɗakina da auduga a kunne, ya zauna, na zuba masa shayi. Ya kurɓa, ya yi shiru, abin da ban saba gani ba. Na ɗauka nadama ce ta zo. Sai ya matso ya rage murya.

“Malam, ka lura da wani abu kuwa? Su Khala kwana da kwanaki suka yi suna kama su ɗaya-ɗaya. Ni a hantsi ɗaya na tara su a ɗaki guda.”

Na ce na lura.

“To ka ga abin da nake faɗa. Yanzu saura karnukan bayan masallaci.”

Maman ya tashi, ya ɗauke gidan saurona daga kan ƙusa, ya sa a akwati, ya zauna a kai.